Aikin Ya Tafi, Malmalar Tana Nan

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman na yau zai taɓo maganar da ake yi da raha a majalisa, a kuma yi ta da damuwa a ɗakin likita, wato maganar tumbi da ƙiba, da ta inda mutum zai fara in yana son jikinsa ya dawo daidai.

Mu ɗan waiwaya baya. Kakanmu ya fita gona da sanyin safiya, yana huɗa har rana ta take. Kakarmu ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa da guga. Wanda ya yi wannan aiki, in ya zauna ya tashi da malmalar tuwo uku, guminsa ya ci. Yau fa? Magidanci a Kano ya fito ƙofar gida ya tari adaidaita sahu, ya sauka bakin shago, ya zauna kan benci tun hantsi har magariba. Uwargida ta aika yaro inji da niƙa. Aikin ya tafi, malmalar tana nan yadda take, har an ƙara mata lemon kwalba a gefe.

Mu kanmu muna taya abin. Ango ya ajiye tumbi wata shida bayan biki, sai a ce amarya ta iya girki. Ranar da kuma ya dage ya rage, tambayar farko da zai sha ita ce, "Lafiya kuwa, Alhaji? Ka rame." Wasu ma su fara raɗe-raɗin ko kasuwa ce ta karye. Duk mai niyyar farawa ya shirya wa wannan tambaya, don ta fi ciwon gwiwa mayar da mutane baya.

Kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne mai haɗari. Yana hana jiki amsa wa sinadarin insulin yadda ya kamata, ta nan ciwon suga ke samun ƙofa, hawan jini ya biyo. Ba sai da sikeli za ka gane inda kake ba. Samu igiya ka auna tsawonka daga kai zuwa ƙafa, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, da aiki a gabanka. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan ma'auni cikin shawarwarinta a 2022: kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.

(Kiɗa)

To, motsa jiki nawa ake bukata? Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Minti 30 ke nan a kwana biyar, in an ɗauki mafi ƙanƙanta. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka iya hira a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa ta zuwa ɗaurin aure ba ta ciki.

Wanda ya shekara goma a zaune kada ya fara da talatin ɗin. Minti goma bayan sallar asuba sun isa a makon farko, lokacin gari da sanyi, titi ba hayaƙi. Mako mai zuwa a ƙara biyar. Kuskuren da ya fi yawa na tsofaffin 'yan ƙwallo ne: mutum ya haura arba'in, ya tuna shi ne mai lamba tara a unguwarsu, ya shiga fili ranar Asabar ya buga da samari har a tashi, Lahadi a same shi kwance ana gasa masa gwiwa. Daga nan an gama, sai baɗi. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a guji fita da tsakar rana, a kuma riƙa shan ruwa. Mai asma ya kula da ƙurar hunturu.

Iyayenmu mata da ba su cika fita ba, tsakar gida ma fili ce. A zagaya ta da sauri, a tashi a zauna daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, a dafa bango a tura. Irin waɗannan na ƙarfafa tsoka hukumar ta ce a yi su aƙalla kwana biyu a mako. In maƙwabta biyu ko uku suka haɗu suna yi tare, abin ya fi ɗorewa, ko don gudun a ce wance ta gaza.

(Kiɗa)

Sai abinci, kuma a nan zan ɗan daɗe. Akwai masu ɗauka cewa cin lafiya sai da tuffa da kayan gwangwani na babban kanti. Gero, dawa, acca, wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, yalo, gwanda, duk suna kasuwar unguwarku, kuma ba abin da aka shigo da shi daga waje da ya fi su. Matsalarmu yawa ce, da mai, da sukari. Dubi farantin rana: shinkafa tsibi guda, mai yana kwaranya, ganye ɗan tsinke a gefe kamar an yi masa alfarma. A juya lissafin. Kwaɗon zogale ko na rama ya ci rabin faranti, wake ko kifi ko ƙwai su samu wuri, tuwo ko shinkafa su koma kwata. Mai cin malmala uku ya koma biyu tukuna, kada ya ce daga yau ya bar tuwo, don ba zai bari ba.

Sukari kuwa ya fi shiga ta kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wanda ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12, in an iya rabin haka ma ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita takan cinye wannan kaso gaba ɗaya. Nijeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma harajin bai kai teburin mai shayi ba, inda ake zuba sukari da babban cokali a bi shi da madarar gwangwani. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in an cika musu sukari, sunansu lemo. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali guda, kuma ɗunƙulen da ake jefawa a miya huɗu-huɗu yawancinsa gishiri ne. A rage shi, a bar daddawa da citta da tafarnuwa su yi aikinsu.

Kada kuma a ɗauka sai an koma siririn saurayi kafin a ga amfani. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin. Ga mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ake magana, a cikin watanni.

Shi ya sa nake shakkar shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya da bayan mota, mai alkawarin narkar da kitse a mako guda. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan, ƙoda kuma tana wahala.

Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da wanda ke shan maganin suga ko allurar insulin, su fara ganin likita, domin rage abinci da ƙara motsi na iya faɗar da suga ƙasa, sai an daidaita magani. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara yana cikin tafiya, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)