Masassaƙin Baka da Sirrin Lanƙwasa

Aikin masassaƙin baka ya sha bamban da na mai sassaƙa turmi, domin itacensa lanƙwasawa zai yi ta yi yana miƙewa har ya tsufa. Idan maharbi ya ja tsirkiya, bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, ɗamewa yake yi, cikinsa kuma ya matse. Siffar hannuwansa biyu, na sama da na ƙasa da mariƙi, ita ke raba wannan wahala.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka riƙe ita ce: in ka ninka faɗin hannu, ƙarfin baka ya ninku sau biyu, in kauri ka ninka, ya ninku sau takwas. Shi ya sa gizago na fitar da siffa ne kawai, sauran aikin na bakin wuƙa ne. Masassaƙi zai ɗaura tsirkiya, ya ɗan ja, ya ƙura ido ya ga inda ya ƙi tanƙwaruwa, ya kankare cikin wurin kaɗan, ya sake ja. Bayan kuwa ba ya yarda ya yanke jijiyarsa, don nan baka ke tsagewa. In ya zarce a wuri guda, lanƙwasa ta taru a nan, aiki ya lalace.

Itace ne ke zaɓen siffar baka. Bakunan Ingila 137 da aka tsamo daga jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, dogaye ne, sirara, masu kauri da zagayayyen ciki. Itacen yew ne ya ba da wannan dama: farin ɓangarensa na waje yana jure ɗamewa, jan zuciyarsa tana jure matsi. Bakunan Holmegaard na ƙasar Denmak, masu shekaru kusan 9,000, da itacen elm aka yi su, sai aka ba su hannuwa masu faɗi da shimfiɗaɗɗen ciki don nauyi ya bazu, aka sirance su wajen ƙarshe.

Wannan sirancewa tana da amfani. Ƙarshe mai nauyi yana cinye ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka, ya kuma girgiza hannun maharbi. Saboda haka mai neman baka kada kauri ya ruɗe shi. Ya sa a ja a gabansa, in hannuwan biyu sun lanƙwasa daidai wa daida, to gwani ne ya sassaƙa.