Tsutsar kare da kyanwa a jikin mutum: abin da gwajin jini ke nunawa da abin da ba ya nunawa

Yawancin tsutsotsin cikin da muka saba da su ba su da wuyar kamawa a asibiti. A kai bayan gida ɗakin gwaji, a shafa a gilashi, a leƙa ta madubin likita, sai ga ƙwan macijin ciki ko na tsutsar nan mai shan jini a hanji. Amma akwai wata wadda ko sau goma aka gwada bayan gidan mai ɗauke da ita ba za a ga komai ba. Sunanta Toksokara, a takardar asibiti kuwa Toxocara za ku ga an rubuta. Iri biyu ne ke shiga mutane: ta kare, Toxocara canis, da ta kyanwa, Toxocara cati. Da gwajin jini ake neman ta, shi ma kuma ba tsutsar yake gani ba. Sawunta yake bi, sawu kuwa yakan nuna dabba ta gitta, ba ya cewa har yanzu tana cikin gidan.

Dalilin da bayan gida ba ya nuna ta yana cikin yadda take rayuwa. A jikin kare tsutsar tana girma ta zauna a ƙaramin hanji, tsawonta ya kai santimita 10 ko fiye, macen kuma tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana guda. 'Yan kwikwiyo suka fi yawan ta, domin tun suna ciki take ratsa mahaifa ta shige su, 'ya'yan kyanwa kuma ta nono suke sha. Ƙwan da ya fito cikin kashin dabba bai isa cutar da kowa ba a ranar. Sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ɗan tsutsa ya nuna a cikinsa, daga nan kuma yana iya yin watanni, har shekaru, da ransa, musamman a ƙasa mai danshi da inuwa. Wannan ya sa yaron da gidansu ba kare ba kyanwa ma yana iya ɗauka: yashin da aka jibge a ƙofar gida don gini, inda kyanwar maƙwabta ke tona ta binne kashinta, nan yara ke wasan ƙasa da yamma, su tashi su ɗauki ƙosai ba wanke hannu. Ganyen lambu da ba a wanke sosai ba yana kawo ta. A Koriya ta Kudu da Japan manya sun fi ɗaukar ta ta cin ɗanyar hantar saniya ko ta kaza. Mutum dai ba ya shafa wa mutum.

Idan ƙwan ya isa hanjin mutum sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar da bai kai rabin milimita ba ya huda bangon hanji ya bi jini. Ya fara da hanta, ya wuce huhu, wani lokaci ya faɗa ido ko ƙwaƙwalwa. To amma jikin mutum ba mazauninsa ba ne. Ba ya girma, ba ya komawa hanji ya yi ƙwai. Yawo kawai yake cikin nama har jiki ya kewaye shi da tsiro ya kulle shi, a nan kuma yana iya daɗewa bai mutu ba. Tunda ba uwar tsutsa a hanji, ina ƙwai zai fito a bayan gida?

Likitoci sun daɗe suna ganin ɓarnar kafin su san mai yin ta. A 1950 wata masaniyar cututtukan ido a birnin Washington, Helenor Campbell Wilder, ta sake duba idanu 46 da aka cire, galibi na yara, yawanci bisa zargin kansar ido. A cikin 24 ba kansa ba ce, 'ya'yan tsutsa ne ko burbushinsu. A 1952 Paul Beaver da abokan aikinsa a birnin New Orleans suka bayyana cutar a wasu yara uku masu kumburin hanta, bayan an ga ɗan tsutsar a cikin naman hanta. Sai dai laluben halitta mai wannan ƙanƙanta a cikin hanta sukutum ba abin da za a riƙa yi wa kowane yaro ba ne, sau da yawa ma a yanko naman ba a dace da ita ba. Aka koma neman amsar a jini.

Duk abin da ya kutsa jiki, garkuwar jiki takan ƙera masa sinadarai na musamman da ke gane shi su manne masa, su ake kira antibodi. Nau'in da wannan gwaji ke nema shi ne wanda ake rubutawa IgG. A 1975 Don de Savigny ya fito da hanyar rayar da 'ya'yan tsutsar watanni a cikin ruwan gwaji, ana tattara abin da suke fitarwa daga jikinsu. Wannan abin da suke fitarwa shi ne ƙashin bayan gwajin da ake kira ELISA. Ana ɗibar jini kaɗan daga jijiyar hannu, a juya shi a na'ura har ruwansa mai launin rawaya ya taso sama. Akwai wani faranti na roba mai 'yan ramuka 96, an shafe cikin kowane rami da abin da tsutsar ta fitar. A tsarma ruwan jinin a ɗiga a ciki, a jira, a wanke. In akwai antibodin tsutsar, ya riga ya manne, wanki ba zai tafi da shi ba. Sai a ƙara wasu sinadarai da ke sa ramin ya canza launi, na'ura ta auna ƙarfin launin. Sakamakon yakan fito ko dai da "akwai" ko "babu", ko kuma da lamba irin 1:32, wato ko da aka tsarma ruwan jinin ninki 32 har yanzu ana ganin alamar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da ƙiyasin cewa a wannan ma'auni gwajin yana kama kusan kashi 78 cikin ɗari na masu cutar a gaɓoɓin ciki, yana kuma wanke kusan kashi 92 cikin ɗari na waɗanda ba su da ita. Gwaji ne mai amfani, amma ko a ƙasar da aka auna shi yana kuskure ta ɓangarori biyu.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne takarda ta fito da "akwai". Antibodin IgG ba ya tafiya don tsutsa ta mutu. Yana zama a jini shekara da shekaru. Magidanci ɗan shekara arba'in da ya haɗiyi ƙwai yana yaro, jikinsa ya gama da abin ba tare da ya ko yi tari ba, yau in aka gwada shi zai iya fitowa da "akwai". Kuma irinsa suna da yawa ƙwarai. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wannan antibodi, a Afirka kuwa fiye da mutum ɗaya cikin uku. A Jos, binciken da aka wallafa a 2000 ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. A Makoko ta Legas, cikin 'yan firamare, adadin ya haura kashi 80. Babu mai cewa duk waɗannan yara suna kwance ba lafiya. Akasarin masu ɗaukar tsutsar ba su taɓa sanin sun ɗauka ba.

Akwai wata matsalar kuma da ta fi shafar mu fiye da Turai. Tsutsotsi dangin juna ne, abin da suke fitarwa yana kama da juna. Jikin da ya taɓa faɗa da macijin ciki, ko tsutsar da ke jawo tundurmi, ko wadda ke shiga ta tafin ƙafa, yana iya samun antibodin da zai manne a farantin Toksokara alhali bai taɓa haɗuwa da ita ba. A ƙasar da yara ba su cika samun tsutsar ciki ba wannan ƙaramin abu ne. A Kano ko Maraɗi ba ƙarami ba ne. Don haka ɗakunan gwaji masu kula sukan fara jiƙa ruwan jinin da sinadarin macijin ciki ya tsotse antibodin da ba na Toksokara ba, ko su bi sakamakon da gwajin tabbatarwa, wanda ake kira Westan bulot. Shi wannan yana rarraba sinadaran tsutsar gwargwadon nauyinsu, a ga wane ne jinin ya kama. Masu ƙaramin nauyin su ne suka fi zama na Toksokara ita kaɗai. A ganina, duk wanda aka miƙa wa takardar ELISA a yankinmu yana da haƙƙin ya tambaya ko an tabbatar da ita ta hanya ta biyu, kafin a ɗora mata alhakin ciwonsa.

To yaushe "akwai" ke da nauyi? Idan ta haɗu da abin da likita ke gani da idonsa. Cutar gaɓoɓin ciki ta fi kama ƙananan yara, musamman masu ɗabi'ar cin ƙasa: zazzaɓi mai kai da komowa, tari da shaƙewar numfashi kamar asma, ciwon ciki, hanta ta kumbura, wani lokaci ƙaiƙayi da ƙuraje. Sannan a duba ƙidayar jini, gwajin da kusan kowane babban asibiti ke yi kuma bai kai ELISA tsada ba. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira iyosinofil, masu tasowa idan tsutsa na ratsa nama. A lafiyayyen mutum ba su cika wuce 500 a kowace maikirolita ba, amma a yaron da cutar ta kama sosai suna iya zama rabin fararen ƙwayoyin jininsa gaba ɗaya. In aka haɗa alamun jiki, da hauhawar iyosinofil, da hoton hanta mai nuna 'yan tabbai, da antibodi mai yawa, to magana ta fito. Antibodi shi kaɗai, ga mutum garau da ƙidayar jini daidai, yawanci ba a ba shi magani.

Sakamakon "babu" kuwa, a ido yake yaudara. Ɗan tsutsa guda ɗaya ya isa ya lalata gani, guda ɗaya kuma bai cika tayar da garkuwar jiki har a gani a jini ba. Sai a samu antibodi kaɗan ko babu, iyosinofil ma lafiya lau, ga ido yana ci. Yawanci ido ɗaya ne, a yaran da suka ɗan tasa ko manya: gani ya dusashe, ido ya karkace, ko a hangi fari a tsakiyar baƙin ido. Likitan ido ne ke gane wannan ta hanyar leƙa bayan idon, in ta kama a ɗebi ɗigon ruwan cikin idon a gwada antibodinsa a kwatanta da na jini. Farin nan na tsakiyar ido ba abin jiran gwajin tsutsa ba ne ko kaɗan, domin shi ne kuma alamar kansar ido ta yara, wadda ke kisa in aka yi jinkiri. A kai yaro asibitin ido a makon, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa. Su ne za su bambance.

A lura kuma kada a rikita wannan gwaji da na Toxoplasma da ake yi wa masu juna biyu. Ita ma daga kyanwa take, amma ba tsutsa ba ce, maganinta daban.

Idan likita ya yanke cewa cutar ce, maganin da aka fi bayarwa shi ne albendazol, sau biyu a rana har kwana 5, ba ƙwaya ɗaya tal da ake raba wa 'yan makaranta don tsutsar hanji ba. In kumburin ya yi yawa, ko abin ya shafi ido, huhu ko ƙwaƙwalwa, akan haɗa da maganin rage kumburi na sitiroid, domin ɓarnar da yawa daga faɗan da jiki ke yi da tsutsar take zuwa. Ba maganin saye a kemis ba ne a sha da ka, balle ga mai ƙaramin ciki. Bayan an gama magani kuma, maimaita ELISA ba zai gaya muku an warke ba. Zai iya ci gaba da cewa "akwai" na tsawon shekaru, mutum ya yi ta kashe kuɗi yana ƙara shan magani a banza. Abin da likita ke bi shi ne sauƙin da majinyaci ya samu da saukar iyosinofil cikin makonni.

Ba sai an kori kyanwar gida ko karen gadi ba. Shafa dabba ba ita ce babbar hanyar ɗauka ba, tsohon kashi ne da ya kwana makonni a ƙasa. Tunda ƙwan na bukatar aƙalla mako biyu kafin ya nuna, kwashe kashin kullum a binne shi da zurfi ko a zuba a masai yana yanke hanyar. Ruwan bilic da sauran magungunan wanke ƙasa ba su cika kashe ƙwan ba, ɓawonsa kauri ne da shi. Zafin rana kai tsaye da bushewa sun fi yi masa illa, shi ya sa lungun bayan randa, gindin bishiya da bakin lambu suka fi tsakar gida haɗari. A rufe yashin da yara ke wasa a ciki, a wanke latas da kabeji da karas da ruwa mai yawa, a dafa hanta ta nuna har ciki. Mafarauta da makiyaya masu kiwon karnuka su nemi likitan dabbobi tun kwikwiyo yana mako 2 da haihuwa, a ba shi maganin tsutsa, a maimaita duk bayan mako biyu har ya kai wata biyu, a haɗa da uwar mai shayarwa.