Tallan Sana'a ta Wayar Hannu: Abin da Ya Kamata a Nuna wa Jama'a

Talla ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai goro yana da kiransa, mai fura tana da muryarta, maƙeri kuwa ƙarar masabarsa ta ishe shi shela. Abin da ya sake a wannan zamani shi ne wurin da ake yin tallan. Tun shekarar 2001, da kamfanonin MTN da Econet suka soma aikin wayar hannu a Nijeriya, waya ta yi ta yaɗuwa har ta shiga aljihun tela da wanzami da bakanike. Yanzu mai ƙaramar sana'a yana iya nuna aikinsa ga mutane ɗari bai tashi daga kan kekensa ba.

To, amma samun hanya daban, sanin abin da za a bi da shi ta cikinta daban. Akwai masu sana'a da yawa da ke ƙona kuɗin data suna watsa abin da ba ya kawo musu ko mutum guda. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake zaɓen abin da ya dace. An ɗauki tela ne don misali, amma maganar ta shafi mai aski, da mai lalle, da mai wanki da guga, da mai gyaran waya, da duk wanda aikin hannunsa yake sayarwa.

1. Mai sayar da kaya da mai sayar da aiki

Wanda ya je Kantin Kwari a Kano sayen shadda yakan taɓa ta, ya ɗaga ta a rana, ya taya, in ba ta yi masa ba ya wuce gaba. Amma da zarar ya kai shaddar nan wurin tela, al'amari ya juya. Zai miƙa dukiyarsa, ya ba da kafin alƙalami, ya koma gida hannu banza, alhali abin da ya saya bai samu ba tukuna. In almakashi ya shiga ba daidai ba, yadi ya ɓaci ke nan. Watau ciniki da mai aikin hannu ya yi kama da cinikin biri a sama, ba abin da ke riƙe da shi sai yarda.

Saboda haka tambayoyi uku ne ke cikin zuciyar mai kawo ɗinki. Mutumin nan ya iya? Nawa zai karɓa? Zai cika alkawari? Duk hoto ko magana da tela zai sa a waya, lalle ne ya auna ta da waɗannan tambayoyi. In ta amsa ɗaya daga cikinsu, ta cancanci fita. In ba ta amsa ko ɗaya ba, ko da ta ba mutane dariya, ba za ta kawo ɗinki ba.

2. Zaɓen wurin da za a yi tallan

Tela ba ya bukatar duniya duka ta san shi. Wanda yake bukata shi ne mutumin da zai iya zuwa a auna shi. Mutum dubu goma a Legas ko Jidda da suka yaba hoton riga ba za su zo Fagge su kawo yadi ba. Don haka ya kamata a san halin kowace kafa kafin a shige ta.

WhatsApp ita ce mafi kusa da mai ƙaramar sana'a. A 2017 aka ƙara mata sashen da ake kira Status, inda hoto ke zama awa 24 sa'an nan ya ɓace. Masu ganinsa su ne waɗanda suka ajiye lambar tela, shi ma ya ajiye tasu, watau mutanen da suka riga suka san shi. A 2018 aka fitar da WhatsApp Business, kyauta, wadda ke da wurin rubuta sunan shago da adireshi da lokutan buɗewa. A 2019 kuma aka ƙara mata jerin kaya, inda ake sa hoton kowane aiki da kuɗinsa.

Facebook da Instagram suna da amfani wajen ajiye hotuna su daɗe, baƙo ya zo ya duba aikin shekara guda a zama ɗaya. TikTok, wadda kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya mallaka, takan kai bidiyo ga mutanen da ba su san mai shi ba. Shi ya sa suna ke saurin fita a cikinta, amma sau da yawa masu kallon suna nesa. Har wa yau ana iya sa shago a taswirar Google kyauta, don wanda ke neman tela kusa da shi ya ga wurin da lambar waya.

Mutum ɗaya da ke ɗinki da kansa ba zai iya riƙe waɗannan duka ba. Ya fara da WhatsApp, ya ƙara guda ɗaya, ya kula da su sosai. Shafin da aka buɗe aka bari wata shida ba motsi yakan sa baƙo ya zaci an rufe shago.

3. Abubuwa huɗu da suka cancanci nunawa

Na farko, aikin hannunsa. Gani ya kori ji. A goge rigar, a rataye ta jikin bango marar ado, a ɗauke ta da hasken safe ko na la'asar, gama rana tsaka da fitilar shago sukan sauya launin yadi. A ɗauki hoto ɗaya na rigar duka, sa'an nan a matsa kusa a nuna wuya da aljihu da ramin maɓalli da kalmasa, domin a nan ne mai ido ke gane gwani. Gajeren bidiyo na hannu yana fitar da aska takwas a jikin babbar riga ya fi doguwar magana. Bakanike da mai wanki kuwa, abin da ya fi musu shi ne hoto biyu, kafin aiki da bayan aiki.

Na biyu, kuɗin aiki da kwanakinsa. Mutane da yawa kunya ke hana su tambayar farashi, sai su wuce wurin wani. In tela ya rubuta cewa ɗinkin kaftani daga kaza ne zuwa kaza, kuma yana ɗaukar kwana kaza, ya ɗauke musu wannan nauyi. Tun da farashin zare da na man janareta suna hawa, ya wajaba a riƙa gyara rubutun, kada mutum ya zo da tsohon farashi a yi jayayya.

Na uku, shaidar waɗanda aka yi wa aiki. Yabon kai ba ya sayar da kaya kamar yabon wani. Saƙon wanda ya karɓi ɗinkinsa a ranar da aka ce masa shaida ce mai ƙarfi, amma sai da izininsa za a nuna ta, kuma a rufe lambarsa.

Na huɗu, shawara mai amfani. Turmin atamfa yadi 6 ne, to, wane ɗinki zai fita a ciki, me zai rage? Yaya ake wanke shadda kada ƙyallinta ya mutu? Yadi nawa yaro ɗan shekara goma ke ci? Wanda ya amfana da irin wannan bayani yakan tuna da mai shi ranar da ya sayi yadi.

A yi duk wannan da harshen da masu kawo ɗinki ke ji. Ba kowa ne ke karanta boko ba, saboda haka saƙon murya da bidiyo mai magana suna kaiwa inda rubutu ba ya kaiwa. A taƙaita bidiyo, gama mai kallo da kuɗinsa yake sayen data. Kowane talla kuma ya ƙare da sunan unguwa, da kwatancen shago, da lambar waya.

4. Abubuwan da za a guje wa

Babban kuskure shi ne ɗauko hoton ɗinkin wani daga intanet a ce na kai ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne: mai yadi zai zo da hoton nan ya ce irinsa yake so. Ban da haka, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare hoton da wani ya ɗauka, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 kuma ta hana tallan da ke yaudarar jama'a.

Kada a sa hoton mutum sai ya yarda, musamman matar aure da yara. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi irin su hoto da lambar waya, al'ada ma ta riga ta hana tun kafin doka. Ana iya nuna kayan mata a rataye, mai lalle kuma ta nuna hannu kaɗai.

Kada a cika mutane da saƙo. WhatsApp tana barin a aika saƙo ɗaya ga mutum 256 a lokaci guda, amma ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa. Wanda ya riƙa jefa mutane cikin rukuni ba da saninsu ba, in ƙorafi ya yi yawa ana iya rufe lambarsa, ya rasa abokan cinikinsa a dare ɗaya. Hoto biyu ko uku masu kyau a rana sun fi talatin.

Sa'an nan a raba shafin sana'a da gardamar siyasa da ta ƙwallo. Mutanen kowace jam'iyya suna sa riga. Sayen mabiya na bogi kuma asarar kuɗi ce, gama ba wanda zai kawo yadi a cikinsu.

5. Kowane talla da lokacinsa

Kasuwar tela tana bin watannin Musulunci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka Salla takan matso da kamar kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Salla ranar 1 ga Shawwal ce, Babbar Salla ranar 10 ga Zulhajji, tsakaninsu kamar kwana 70.

Lokacin nuna sababbin samfura shi ne Rajab da Sha'aban, sa'ad da mutane ke shirin sayen yadi. In azumi ya kama, abin da ya fi amfani shi ne sanar da ranar rufe karɓar ɗinki. Misali, wanda ke gama kaya 3 a rana, yana kuma da kwanakin aiki 25, iyakarsa kaya 75. In ya ci gaba da talla har ya karɓi 120, mutum 45 za su wayi gari ranar Idi ba riga, kuma kowannensu yana da baki da waya. Sanarwar cewa an rufe karɓa ita kanta talla ce, domin tana nuna mutum ya san kyan alkawari cikawa.

Bayan Salla, sa'ad da aiki ya ja baya, sai a juya ga kayan biki, da gyaran tsofaffin tufafi, da kayan makaranta kafin a koma sabuwar shekarar karatu a watan Satumba.

6. Tallan da ake biya

Kamfanin Meta, wanda ya ɗauki wannan suna a 2021, shi ke da Facebook da Instagram da WhatsApp. Yana karɓar kuɗi ya nuna talla ga mutanen garin da aka zaɓa, da shekarun da aka zaɓa. Tun Janairun 2022 ana ƙara harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallan a Nijeriya. Hukumar ARCON kuma, wadda dokar 2022 ta kafa, ita ke lura da tallace-tallace har da na intanet, ya kamata mai biya ya san ƙa'idodinta.

Kada a sa kuɗi a kan hoton da ba a gwada ba. A fara sa shi kyauta. In ya jawo tambayar farashi, to, shi ne ya cancanci a biya masa. A fara da kaɗan, a kuma taƙaita shi ga garin da shago yake.

7. Yadda ake gane wanda ya yi amfani

Yawan masu danna alamar so ba shi ne ciniki ba. Hanya mafi sauƙi ita ce tela ya ware shafi a littafin awonsa. Duk sabon mutumin da ya zo, a tambaye shi inda ya ji labarin shagon, a rubuta: Status, ko Facebook, ko taswira, ko wani ne ya turo shi. Bayan wata uku a ƙidaya. Irin hoton da ya kawo mutane a ƙara yin irinsa, wanda bai kawo kowa ba a bar shi.

In littafin ya nuna cewa mafi yawa wani ne ya turo su, wannan ba faɗuwar talla ba ce. Alama ce cewa ya kamata tela ya riƙa aika wa tsofaffin abokan cinikinsa hoton aikinsu da lambarsa a jiki, domin su sami abin da za su tura wa 'yan'uwa da abokai in an tambaye su wanda ya yi musu ɗinki.