Juriyar Tufar Kilti ta Sikotlan a Ma'aunin Tafiyar Ƙasa

Kilti tufar maza ce ta mutanen tsaunukan Sikotlan, wadda ake ɗaurawa a ƙugu ta sauka zuwa gwiwa. Kiranta siket, kamar yadda wasu masu fassara ke yi, ya rage mata ma'ana, domin a kunnen Bahaushe siket kayan mata ne; walki kuwa na fata ne. Saboda haka wannan maƙala ta bar mata sunanta. Abin da za a duba shi ne: idan aka fitar da ita daga fagen biki aka kai ta daji, mene ne ke fara lalacewa?

Asalinta kayan aiki ce. Babbar kilti, wadda aka sani tun ƙarshen ƙarni na 16, doguwar saƙa ce da makiyayi kan yafa da rana ya lulluɓa da ita da dare. Ƙaramar da ake gani yau ta bayyana ne a farkon ƙarni na 18. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta sanya ta, in ban da sojoji, har zuwa 1782. Daga nan ta riƙa komawa kayan ado.

Ana ɗinka cikakkiyar kilti da yadi takwas na ulu, nauyinta ya kusa kilo biyu. Ana tsefe gashin tumakin a murɗa shi sosai kafin saƙa, sannan zaren kwance ya haura biyu na tsaye ya ratsa ƙarƙashin biyu. Wannan ne ke sa ƙyallen ya yi ƙarfi, ƙaya ba ta saurin jan zarensa. Bakin ƙasa ba a kalmashe shi, bakin saƙar ne da kansa ake bari.

Masu son gwada ta sukan bi hanyar West Highland Way, mai tsawon kilomita 154 daga Milngavie zuwa Fort William, wadda aka buɗe a 1980. Hanyar ta ratsa fadamar Rannoch, inda ruwan sama da iska ba su da lokaci. A nan ulu ke nuna fifikonsa a kan auduga: yakan sha danshi da ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin jiki ya ji shi a jiƙe, kuma ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Sai dai yadi takwas da suka ƙoshi da ruwa kaya ne mai nauyi, ba sa bushewa a dare ɗaya, kuma jiƙaƙƙen baki yakan goge bayan gwiwa har ya yi ciwo.

Ƙyallen kansa ba kasafai yake yagewa ba. Rauninta na wurin da hannun tela ya taɓa. Maɗauran fata na ƙugu sukan sha ruwa su bushe su tsage. Ɗinkin da ya riƙe tattarar baya daga ƙugu zuwa kwankwaso shi ke ɗauke da nauyin tufar duka, kuma a daidai nan ne ɗamarar jakar baya ke gurzarsa awa bayan awa. Dukkan waɗannan ana gyara su da allura da sabuwar fata, shi ya sa kilti kan wuce daga uba zuwa ɗa. Sau da yawa asu a cikin akwati ya fi dutse yi mata ɓarna.

Gwaji mafi tsanani da aka taɓa yi mata ba na nishaɗi ba ne. A Yaƙin Duniya na Farko sojojin tsaunukan Sikotlan sun zauna da ita cikin ramukan yaƙi a Faransa. Laka ta riƙa daskarewa a jikinta, kwarkwata ta samu maɓoya a cikin tattara, iska mai guba kuma ta ƙona ƙafafun da ba su da rufi. A 1940 rundunar Birtaniya ta daina fita fagen fama da ita. Abin lura shi ne yawancin ƙorafin bai shafi ƙarfin ulun ba, ya shafi jikin da ta bari a buɗe. Matafiyin yau ma haka yake fama da kaska da ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke cika tsaunukan a lokacin zafi.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kalmar gwaji. A ɗakin bincike akwai na'urar Martindale, wadda ke gurzar ƙyalle ana ƙirga adadin gurzar har zare ya tsinke, kuma ana iya maimaita aikin a samu sakamako makamancin na farko. Mutum ɗaya da kilti ɗaya a mako guda na tafiya shaida ce kawai, domin ruwan da ya dake shi ba shi zai daki na bayansa ba. Amma na'urar ƙyalle kaɗai take aunawa. Ba ta san maɗauri ba, ba ta san ɗinki ba, waɗanda su ne ke fara sakewa a kan hanya.