Ruwa Marar Zurfi Ya Fi Wahalar da Matuƙi

A gabar gabashin Amurka akwai wata doguwar hanyar ruwa da ake kira Intracoastal Waterway, wadda ta haɗa koguna da fadamu da magudanan da aka haƙa. Ana fara ƙirga nisanta daga Norfolk a jihar Bajiniya, kuma sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ke yashe ta. Duk kaka, masu ƙananan jiragen ruwa na inji kan bi ta zuwa Fulorida don guje wa sanyi, da tunanin cewa tunda ba cikin teku suke ba, ba abin fargaba. Albemarle Sound, wani faffaɗan ruwa da hanyar ke ratsawa a Karolina ta Arewa, shi ke raba su da wannan tunani.

Inda ake tsallaka shi, faɗinsa kilomita 20 ne da ɗoriya, kuma da wuya zurfinsa ya kai mita 8. Rashin zurfin nan shi ne matsalar. Girman igiyar ruwa ya dogara da ƙarfin iska, da daɗewarta tana kaɗawa, da tsawon filin da ta samu. Albemarle ya miƙe gabas da yamma, don haka iskar yamma na samun fili sosai. A teku mai zurfi igiya kan miƙe, jirgi ya hau ta ya sauka a hankali. A nan kuwa ƙasa na kusa, sai igiyoyin su matsu, su tashi tsaye, kafin jirgi ya sauko daga ɗaya wata ta make shi. Mai tafiya kudu a gefe take dukansa, wanda shi ne mafi muni.

Gwanin matuƙi kan rage gudu, ya karkata goshin jirgin ya tari igiya a kaikaice, ko da tafiyar za ta ƙara tsawo. Amma abin da ya fi tayar da hankali ba a gani daga sitiyari. Jijjigar na tayar da dattin da ya kwanta a ƙasan tankin dizal, ya toshe filta, inji ya fara shaƙewa ya mutu. Jirgin da injinsa ya mutu kuwa nan take yake ba igiya gefe. Ga kuma tarkunan ƙaguwa birjik: alamarsu 'yar ƙwallo ce da kumfa ke ɓoyewa, igiyarta ta naɗe farfela.

Shi ya sa na fi ganin girman wanda ya ɗaure jirginsa a Coinjock, kafin a kai Albemarle, ya jira. Hukumar hasashen yanayi na fitar da gargaɗi ga ƙananan jirage ta rediyo, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi zai iya tsallakawa da ƙyar ya tarar gadar kogin Alligator, wadda ake buɗe wa jirage su wuce, ta ƙi buɗewa saboda iska, ya koma shawagi a gabanta da iyalinsa a ciki.