Shin Ko Kun San? Taku Ɗaya Na Iya Raba Ka da Tasha

Shin ko kun san rediyon da ke rangaɗa magana tas a bakin ƙofa kan iya komawa ƙugi zalla da zarar an matsa da shi ciki taku biyu? 'Yan kasuwarmu masu zuwa sari Guangzhou na cin karo da haka a Sanyuanli, cikin gundumar Baiyun, inda 'yan Afirka ke hada-hada a kan titin Guangyuan Xi. Mutum ya gwada rediyo ko oba-oba a ɗakin masauki, ya ji shiru, nan take ya ce jabu aka ba shi. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, wurin da aka tsaya ne ke da magana.

Ga dalili. Igiyar rediyo ba ta isowa eriya ta hanya guda. Wata ta miƙo kai tsaye daga hasumiya, wata ta bugi bangon bene ta dawo, wata ta bugi rufin kwano ko jikin motar bas. Jefa tsakuwa biyu a kududdufi ka dubi inda igiyoyin ruwansu suka haɗu: wani wuri ruwan ya ƙara tashi, wani wuri ya kwanta lumus. Haka igiyoyin nan ke yi a cikin iska. Inda suka iso tare sai su ƙarfafa juna, inda ɗaya ta makara da rabin tsawonta sai su kashe juna.

Shin ko kun san ana iya auna tazarar da ke tsakanin wurin ji da wurin shiru? Kusan rubu'in tsawon igiyar ce. Tashar FM da ke kan megahaz 100 tsawon igiyarta mita 3 ne, don haka santimita 75 ta ishe ka ka fita daga ƙugi. Freedom Radio ta Kano, mai lamba 99.5, lissafinta ke nan. Shi ya sa direban da cunkoso ya tsayar a Ƙofar Nassarawa kan ji tasha ta shaƙe, ya ɗan saki burki motar ta gangara kaɗan, magana ta dawo garau. Oba-oba mai aiki a wajen megahaz 450 igiyarsa ba ta kai santimita 70 ba, kamu ɗaya na hannu ya wadatar. Wayar salula a megahaz 900 kuwa santimita 33 ce, ta Wi-Fi 12 da rabi. Wanda kuka ga yana karkatar da kai yana neman sabis, da gaskiyarsa.

Ba yau aka gano wannan ba. A shekarar 1888, a birnin Karlsruhe na Jamus, Heinrich Hertz ya kafa faifan zinki a bangon ɗakin koyarwa, ya riƙa takawa da ɗan zoben waya a hannu. A wani wuri tartsatsi ya tashi a zoben, gaba kaɗan ya ɓace, gaba kuma ya dawo. Da tazarar wuraren nan ya auna tsawon igiyar, kuma sunansa ne ake ambata duk lokacin da aka ce megahaz.

Shin ko kun san Baiyun na da irin gine-ginen da suka fi wahalar da rediyo? A tsoffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, irin su Sanyuanli, benaye sun matsu har Sinawa ke kiransu benaye masu musabaha, wai maƙwabta na iya gaisawa hannu da hannu ta taga. Lungu ƙunci, bango kankare cike da rodi, tagogi duk an yi musu kejin ƙarfe saboda ɓarayi, ga wayoyin wuta sun yi saƙa a sama. Ƙarfe da ya kewaye wuri yana tare igiya, abin da Michael Faraday ya nuna tun 1836 da ɗakin da ya lulluɓe da ƙarfe. Wannan ne ke yanke kira a cikin lif, shi ne kuma ke rage wa rediyo ƙarfi a shagon kwantena a Sabon Gari. Mai ɗaki a hawa na biyu a irin wannan lungu da mai shanya a saman rufin ginin, rediyonsu iri ɗaya, amma abin da suke ji ya sha bamban ƙwarai.

Sai tsawo, wanda a ganina shi ne uban tafiya. Igiyoyin FM da na oba-oba miƙe suke tafiya kusan kamar haske, duniya kuma a dunƙule take, saboda haka akwai inda ƙasa da kanta ke tare su. Mutumin da ke tsaye da eriya mita ɗaya da rabi daga ƙasa, iyakarsa kusan kilomita 5 ce a fili. Ya hau Moxing Ling, ƙololuwar dutsen Baiyun mai tsawon mita 382, iyakar ta kai wajen kilomita 80. Hasumiyar Canton da aka buɗe a 2010 a bakin kogin Zhujiang tana da kimanin mita 600, wato tana hango kusan kilomita 100. Lura da kyau: ninka tsawo sau huɗu ne ke ninka nisa sau biyu, don haka matakalar farko ta fi ta ƙarshe riba. Daga ƙasa zuwa saman bene mai hawa biyu an riga an ci babban rabo.

Dutsen da ke taimakon wanda ya hau shi kuwa, shi ke cutar wanda ke gindinsa. Unguwar da tsauni ya shiga tsakaninta da hasumiya tana cikin inuwar igiya, sai ɗan abin da ya lanƙwaso ta kan ƙololuwa ko ya bugo wani gini. Mutanen da ke zaune a gefen Dala da Goron Dutse za su iya gwadawa da kansu: su zagaya dutsen da rediyo a hannu, su ji yadda tasha ke hawa da sauka.

Shin ko kun san za a iya jin matuƙin jirgi daga nesa amma a kasa jin hasumiyar da yake magana da ita? Filin jirgin saman Baiyun, wanda ya fara aiki ranar 5 ga Agustan 2004 a madadin tsohon filin da ke kusa da tsakiyar gari, yana kusan kilomita 28 arewa da cibiyar birnin. Jiragen sama na magana tsakanin megahaz 118 da 137. Jirgin da ke mita 10,000 a sama igiyarsa na iya kaiwa fiye da kilomita 400, ba bene ba dutse a gabanta. Eriyar hasumiya kuwa tana kusa da ƙasa, gine-gine kaɗan sun isa su rufe ta. Sai mai sauraro ya riƙa jin amsa ba tare da tambaya ba.

Rediyon da ke laluben tasha da kansa yana ƙara zuzuta bambancin. A cikinsa akwai ƙofar da ke rufe lasifika har sai sigina ya kai wani mizani, don kada ƙugi ya dami kunne. Idan siginan ya gaza da ɗan kaɗan, ba rauni za ka ji ba, shiru za ka ji, rediyon ya tsallake tashar kamar babu ita. Matsa taku ɗaya, ko sassauta ƙofar, sai ga magana. Riƙon ma na da tasiri: eriyar oba-oba a tsaye ake aika mata, wanda ya kwantar da tasa ya zubar da yawancin abin da zai kama. Jikin mutum kuma, da yake ruwa ya fi yawa a ciki, yakan tare igiya idan ya juya wa tashar baya.

Akwai kuma hayaniyar cikin ɗaki. Cajar waya mai arha, ƙwan LED maras inganci da inbatar sola duk suna fesa ƙara a iska. Siginan bai ragu ba, ƙarar ce ta danne shi. Zare cajar ka sake saurare. Kusantar hasumiya mai ƙarfi ma matsala ce, domin ƙaramin rediyo kan cika ya tumbatsa har ya kurumce ga raunanan tashoshi.

Shin ko kun san matsakaicin zango bai damu da takunka ba? Rediyon Kaduna a kilohaz 594 tsawon igiyarsa ya haura mita 500, matsa kujera ba ya canza komai. Abin da ke aiki a nan shi ne juyi. A cikin ƙananan rediyoyi irin Kchibo da Tecsun, waɗanda ake ƙerawa a lardin Guangdong inda Guangzhou take, akwai ɗan sandan baƙin ƙarfe da aka naɗe da waya, shi ne eriyar wannan zangon. Idan tsininsa ya fuskanci tashar sai ya kusan kurumcewa, idan gefensa ne ya fuskance ta sai ya kama sosai. Dattijon da ke jujjuya rediyo a kan tabarma kafin a fara labarai, saitin wannan sandan yake yi. Doguwar eriyar da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango, inda ake kama BBC Hausa da ta fara a 1957 da Sashen Hausa na Rediyon Sin da ya fara a 1963.