Layin intanet ɗaya, gida goma: yadda rabon yake tafiya

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, maƙwabta ko ƴan kasuwar da shagunansu ke jere sun fara haɗa kuɗi su ɗauki layin intanet ɗaya su raba, maimakon kowa ya riƙa sayen forfe a salularsa. Layin na iya zama na Niger Telecom, ko akwatin 4G na Airtel, Moov Africa ko Zamani, ko kuma Starlink da ya fara aiki a ƙasar a 2025.

Abin da ke yin rabon shi ne ƙaramar na'urar da ake kira rutar. Kamfani adireshi ɗaya yake bai wa layin. Rutar ce ke bai wa kowace salula da kwamfuta lambarta ta cikin gida, irin mai farawa da 192.168, sannan ta riƙa tuna wa ya nemi me, don amsa ta koma wurin mai ita. Daga waje kuwa, duk mutanen tamkar mutum ɗaya ne.

Ƙarfin layin ba ya ƙaruwa don jama'a sun ƙaru. Idan megabit 20 ne, mutum goma suka hau lokaci guda, kowa biyu zai samu, in ma an yi adalci. Sau da yawa ba a yi: mutum ɗaya mai sauke fim ya isa ya hana saura kiran WhatsApp. Nan ne rigima ke tashi tsakanin waɗanda suka biya kuɗi daidai. Yawancin na'urorin suna da wurin ƙayyade rabon kowa, kuma gara a daidaita shi tun ranar farko.

Sai batun gini. Wifi mai 2,4 GHz ya fi ratsa bango, mai 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa. Katanga mai kauri da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina, don haka a ɗora rutar a sama, a tsakiyar gida, ba cikin kabad ba. Gidan da ke nesa, igiyar Ethernet ta fi masa, tana kai mita 100. In Nigelec ta ɗauke wuta, ƙaramin batiri ko fanon hasken rana ya isa, don na'urar ba ta cin wuta sosai.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne kodi. Iri biyu ne: na shiga wifi, da na sarrafa rutar kanta, wanda galibi ake bari yadda ya zo daga kamfani. Duk wanda ya san na biyun zai iya korar mai layin daga layinsa. Na farkon kuma salula na iya miƙa shi ga wata ta hoton QR, sai a wayi gari rabin unguwa na ciki.

Mai layin ne ya fi kowa shiga haɗari, domin sunansa ne a rajistar kamfani. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. In bincike ya biyo layin, ƙofarsa za a fara bugawa. Wanda kuma ya wuce rabon maƙwabta ya koma sayar da tikiti, ya shiga kasuwancin sadarwa, wanda hukumar ARCEP ce ke kula da shi.